Masu neman Midnight Poison, ku daina maimaita kurakuran nan

Makon jiya bayan sallar magariba ƙanwar maigidana ta yi sallama, ta zaro wata shuɗiyar kwalba daga cikin hijabi, bakinta har kunne. "Anti, na samo irin naki!" Na karɓa na fesa a bayan hannu, na ce ta zauna mu taɓa hira. Kafin a kira isha'i babu abin da ya rage a fatata sai wani zaƙi-zaƙi irin na alawar yara. Kuɗin awakinta biyu ne suka tafi. Ita ce mace ta huɗu da ta kawo mini irin wannan kwalba a bana, kuma na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya alhali aikin gama ya riga ya gama.

Ga wadda ba ta san shi ba, Midnight Poison turaren mata ne na kamfanin Dior da ke Faransa, ya fito a 2007. Dangi ne guda: Poison na farko a 1985, sai Tendre Poison mai koriyar kwalba a 1994, Hypnotic Poison mai ja a 1998, Pure Poison mai fara a 2004, sannan wannan mai shuɗi mai duhu. Ni a cikin lefena na fara ganinsa, lokacin da aka kawo ni wannan ƙauye namu na gefen Ringim. Da farko yana buɗewa da ƙamshin ɓawon lemo, sai wardi ya taso, daga ƙarshe ya kwanta a kan ambar da fachuli, wani ganye mai ƙamshi irin na ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Ba shi da zaƙin nan mai hawa kai, shi ya sa yake zama lafiya a kan kayan da aka turara a kabbasa. Matan da suka ji shi a jikina a gidan biki tun shekarun baya har yau suna tambaya. Matsalar ita ce kamfanin ya daina yin sa shekaru da yawa da suka wuce. Duk kwalbar gaskiya da ta rage a duniya tsohuwa ce, kuma kullum raguwa suke yi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mutane ba sa son ji, kuma daga nan babban kuskure yake farawa, wato tura kuɗi saboda an ga hoto. Ni ma na yi, shi ya sa nake da bakin faɗa. Da kwalbar lefena ta kusa ƙarewa hankalina ya tashi. Sai wata mai sayar da kaya a WhatsApp, wadda ban taɓa gani ido da ido ba, ta sa hotonsa, kwali sabo fil da ledarsa, ta ce ta samo katan guda. Katan guda na turaren da aka daina yi! Wannan kalma kaɗai ta isa ta tsayar da ni, amma zumuɗi ya rufe mini ido. A satin nan na yi kwasar adashe, kuɗin da na yi wata goma ina zubi da niyyar sayen keken ɗinki. Na aika yaro wurin mai POS ya tura gaba ɗaya. Bayan kwana uku direban motar da ke zuwa Kano ya kawo mini saƙo a baƙar leda. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada kowa ya raba ni da fesawar farko. Abin da ya fito warin sifirit ne mai yaji, har sai da na yi atishawa. Na kira lambar, ta ce hancina ne, in ba shi kwana biyu ya zauna. Kwana biyun bai cika ba ta toshe ni. Na yi kuka ranar, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne sai da na ɓoye wa maigida har wata guda saboda kunya.

Jabun kala biyu ne, ku fahimce su. Akwai wanda komai nasa na ƙarya ne, kwali da kwalba da ruwan ciki. Wannan da sauƙin kamawa: gilashin ba nauyi, rubutun yana gogewa idan kika kankara da farce, murfin yana rawa. Na biyun shi ne mugun, kuma shi aka yi mini. Kwalbar ta gaskiya ce, an tsinto ta fanko, an ɗura mata wani abu. A nan duba lamba ba zai cece ki ba. Gaskiya ne akwai 'yar lamba a gindin kwalba da ya kamata ta zo daidai da ta gindin kwali, kuma ina dubawa, amma wanda ya samu kwalbar da kwalinta ai ya samu lambar. Abin da nake dubawa shi ne wuyan. Kan fesawar irin waɗannan turaruka matse shi ake yi da inji, ba a murɗe shi a buɗe. Idan kika ga ƙarzuwa ko lotsawa a ƙarfen wuyan, ko yana juyawa, ko akwai danshi a gefensa, an taɓa shi. Sannan fesawa ta farko: kwalbar da ba a taɓa amfani da ita ba sai an danna sau biyu ko uku kafin ta kawo, saboda bututun fanko ne. Wadda aka ce miki sabuwa ce amma dannawa ɗaya ta feso, to akwai magana.

Ƙa'idata tun daga lokacin guda ɗaya ce, kuma na san wasu za su ce na cika tsanani: ba na biyan kuɗin abin da ban fesa a fatata ba, na kuma yi sallah biyu da shi. In fesa da azahar, in shinshina bayan la'asar. Na gaskiya a lokacin ne yake fara nuna kansa, fachulin ya fito, ya yi ɗumi. Jabu kuwa ƙarfinsa duk a mintuna goman farko yake, don ya san a bakin kanti za a yanke hukunci. Mai sayarwar da ba ta yarda da wannan sharaɗi ba, Allah ya ba ta wani mai saye. Kuma na fi yarda da rabin kwalba daga hannun wata Hajiya da na san gidanta, wadda aka kawo mata tsaraba ta ajiye ba ta so, a kan cikakkiya mai leda daga hannun baƙuwa.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, domin a nan babu wanda za ki ɗora wa laifi. Bayan an cuce ni, Allah ya haɗa ni da ta gaskiya ta hannun yayata, mil 50, saura kaɗan ta cika. Me na yi da ita? Na kafa ta a kan madubi, tsakiyar jere, daidai inda hasken taga yake sauka da hantsi, don duk wadda ta shigo ta gani. Ɗakina rufin kwano ne ba silin. Kun san yadda bazara take a ƙasar nan, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a waje, cikin ɗakin kwano kuwa da rana ko kwanciya ba ta yiwuwa. Haka kwalbar nan ta sha bazara guda cur. Da sallah ta zo na ɗauko in fesa, sai na ji wani tsami-tsami kamar lemon da ya kwana a yanke. Zafi da haske da iska su ne ke lalata turare, kuma ɓangaren lemon ne ke fara mutuwa don shi ya fi rauni. Ƙasan bai tafi duka ba, bayan rabin awa fachulin yana dawowa, amma wannan buɗewar da nake so ta tafi har abada, kuma babu kantin da zan je in sayo wata.

Don Allah mata, me ya sa sai an jera? Na shiga ɗakin amare da yawa na ga turaruka masu tsada a kan madubi suna dahuwa, wasu ruwan har ya canja kala ya koma kamar shayi. In kwalliyar ɗaki kike so, jera fankon kwalabe, babu mai ɗagawa ya auna. Wasu kuma da suka ji wannan sai su ce to firji. A garin da wuta ke zuwa awa biyu ta ɗauke kwana biyu? Sanyi da zafi, sanyi da zafi, ga warin daddawa da kifi. Ni ban yarda da shi ba. Abin da nake yi shi ne in mayar da kwalbar cikin kwalinta, in naɗe da tsohon zani, in sa a ƙasan adakar Inna, uwar maigidana, a ɗakinta na ƙasa mai rufin azara. Duk gidan nan babu inda ya kai shi sanyi, ko da tsakar rana. A tsaye nake ajiye ta, ba a kwance ba. Ranar da na fara kai mata, Inna ta dube ni ta ce, "'Yar nan, zinare ne?" Na ce mata zinare ai ana samu a kasuwa. Yanzu ita da kanta take hana jikoki hawa kan adakar.

Sai masu fasa wuya su juye shi cikin humra wai don ya yi auki. Wannan ɓarna ce. Humra tana da nata ƙarfi, ga miski ga sandal ga madarar turare kala-kala, za su danne shi ɗaf, ki rasa shi ki kuma rasa gane humrarki. In kina son su haɗu, turara kayan, ki shafa humra a jiki da sauƙi, shi kuma fesa ɗaya a wuya ta cikin riga. Ya isa.

Kada ki je gwaji bayan kin tashi daga kan kasko, hancinki ya riga ya cika da hayaƙi. Kada ki murza hannu da hannu bayan fesawa, bar shi ya bushe da kansa. Kada ki yarda a ce miki Hypnotic Poison "duk ɗaya ne, kwalba ce ta bambanta". Turare ne mai kyau, amma zaƙin banila ne da almon, hanyarsu ba ɗaya ba. Haka masu cewa suna da madararsa a 'yar kwalbar ɗuri: kwaikwayo ne, ki saya a kuɗin kwaikwayo in ya yi miki, har na san masu kyau a ciki, amma kada a karɓi kuɗin asali a hannunki. Kuma kada ki ba da aron kwalbar zuwa gidan biki. Wadda take so ta zo ki fesa mata.

Akwai kuma masu ɓoyo har abada. Wata aminiyata ta ajiye tata shekara da shekaru tana jiran auren 'yarta ta fari, ba ta taɓa dannawa ba. Ko a ɗakin Inna turare tsufa yake yi, kuma kwalbar da ta yi ƙasa ta fi saurin juyawa saboda iskar da ke ciki ta yi yawa. Tawa ta yanzu ina haska ta da tocilan in ga inda ruwan ya tsaya, don gilashin duhu ne. Da ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na daina tattali, ina fesawa duk daren Juma'a.

Ƙanwar maigidana ta tambaye ni yadda za ta yi da tata. Kuɗin dai sun tafi, lambar ma a kashe take. Na ce abu ɗaya kada ta yi: kada ta jefar da kwalbar a bola yadda take, kada kuma ta ba yaran da ke yawon sayen fankon kwalaben turare, domin irin wannan hanyar ce ta kawo ta hannunta. Muka zubar da ruwan a bayan gida, na ɗauko filaya na karya kan fesawar, na yaga kwalin na sa a murhu. Kwalbar kuwa ta tafi da ita, ta ce za ta jera a kan madubi.