Darasi na 6: Idan babur ya ƙi tashi da sanyin safiya

Babur ɗin da ya kwana cikin sanyi yakan yi gardama da safe. Sau da yawa lafiyarsa lau. Fetur mai sanyi ne ba ya saurin kama wuta. Mu bi abin daki-daki. Wanda bai gane ba ya sake karantawa, ba abin kunya ba ne.

Mai

Girgiza babur ka ji motsin mai a tanki. A ƙarƙashin tankin akwai ɗan famfo da rubutu uku: ON, OFF, RES. ON yana nufin mai na tafiya. OFF, a rufe yake. RES kuwa ragowar man da ke can ƙasan tanki ne. Juya shi zuwa ON. Murɗa makulli, ka sa giya a firi har koriyar fitila mai harafin N ta kama.

Cok

A nan mutane suka fi tuntuɓe, don haka mu natsu. Cok ɗan hannu ne, a wasu babura yana kusa da babban yatsanka na hagu, a wasu yana jikin kafireta, wato wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga injin. Idan ka ja shi, yana rage iska, mai ya fi yawa, wuta ta samu abin kamawa.

Ja cok gaba ɗaya. Yanzu ɗauke hannunka daga totur. Kada ka murɗa. Buga kik har ƙasa, bugu ɗaya cikakke. Bai tashi ba? Sake bugawa, hannu dai ba ya kan totur. Na san hannun dama yakan murɗa da kansa, sabo ne. To, ɗora shi a kan birki.

Karanta da ƙarfi: cok a jawo, totur a sake. Sake faɗa. Madalla.

Idan babur ɗinka na sitata ne, danna daƙiƙa 5 kawai, ka huta daƙiƙa 10, sannan ka sake. Nan ma ban da totur.

Ya tashi? Bar shi ya yi ɗumi kamar minti 1, sannan ka mayar da cok a hankali. Wanda ya tafi da cok a jawo zai ga baƙin hayaƙi, mai kuma ya zurare.

Haba jama'a! Duk da wannan bayani, sai ka ga mutum yana ta murɗa totur yana buga kik har gumi ya keto masa. Mai ya cika injin, fulogi (abin da ke ba da tartsatsin wuta a injin) ya jiƙe, warin fetur ya tashi, sannan a ce babur ba shi da kyau. Idan haka ta faru, mayar da cok, ka buɗe totur gaba ɗaya, ka buga sau da yawa man ya fita. A nan kaɗai aka yarda ka murɗa.

Fulogi

Cire hularsa, ka kwance shi da sifanar fulogi. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin ko ya jiƙe? Goge shi, ka bari ya bushe. Launin ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Idan ya tsufa, canza shi.

Batir

Danna hon. Idan muryarsa ta shaƙe, batir ya yi rauni. Yi amfani da kik, ka kai batir ɗin caji.

Saura

Baƙin mai da ya daɗe yakan yi kauri, a juye shi. Kafireta da bawul aikin bakanike ne.