Yadda za ka auna dagulewar ruwa da kayan da ka haɗa da hannunka

A Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, akasarinmu ba ruwan famfon gwamnati muke sha ba. Matatar Iju, wadda aka buɗe tun 1915, da ta Adiyan ba sa isar Legas ta yau, shi ya sa aka dogara da rijiya, burtsatse da kurar 'yan garuwa. Da damina ta kankama, ruwan kwata ya malale unguwa, sai ka ga ruwan da jiya yake garai-garai yau ya yi hazo-hazo. Wannan hazon shi ne dagulewa: ƙananan ƙwayoyin laka, tsatsa da ruɓaɓɓen datti da ke yawo a cikin ruwa ba su kwanta ba.

Lakar kanta ba ita ce babbar matsala ba. Ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a jikinta, ita kuma tana kare su daga maganin kulorin. Sai mutum ya zuba magani a duro, hankalinsa ya kwanta, alhali maganin bai kai inda ake so ba. Wanda ya tuna ɓarkewar kwalara a Legas a watan Yunin 2024 ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ana auna dagulewa da ma'aunin da ake kira NTU. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce kada ya wuce NTU 5, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi son ya gaza NTU 1 idan za a sa masa kulorin. Ido ba ya fara ganin hazo sai wajen NTU 4, kuma a cikin kofin roba ko baƙar jarka ko hakan ba zai gani ba.

Fara da bututun gani

Wannan ba ya buƙatar wuta, kuma shi zai zama malamin na'urar da za mu haɗa daga baya, don haka kada ka tsallake shi.

Nemi bututun roba da ake ganin cikinsa, mai tsawon mita 1, faɗin bakinsa kamar santimita 4. Idan tiyo mai kauri ka samu, ɗaure shi a jikin katako ya miƙe sambal. Yanko farar roba daidai bakin bututun, kamar murfin bokitin fenti, ka zana mata baƙin kuros mai kauri da makar da ruwa ba ya gogewa. Toshe gindin bututun da ita, zanen yana kallon sama, ka bi gefe da gam kada ya yi yoyo. Sannan manna tef ɗin tela a jikin bututun, sifirinsa daidai kan zanen.

Wajen awo, tsaya a inuwa mai haske, ba cikin rana ba, ba kuma cikin ɗaki mai duhu ba. Girgiza ruwan, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana leƙawa ta sama. Inda kuros ɗin ya ɓace maka, tsaya ka karanta tsayin ruwan. Idan ya ɓace a wajen santimita 12, dagulewar ta kai kimanin NTU 100. A santimita 18, kimanin 50 ke nan. A 25, kimanin 30. A 54, kimanin 10. Idan ka kai santimita 85 kana hango zanen, ruwan ya sauko wajen NTU 5 ko ƙasa da haka. Lambobin nan kintace ne, domin idon dattijo da na matashi ba ɗaya ba ne, shi ya sa ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙa yin awon, a wuri ɗaya.

Akwatin haske

Na'urorin ɗakin gwaji suna aiki ne da dabara mai sauƙi. Ana haska ruwa ta gefe guda, a ajiye idon da ke jin haske a kusurwa, ba a gaban fitilar ba. Idan ruwan tas yake, hasken zai wuce abinsa, idon ya zauna cikin duhu. Idan akwai laka, ƙwayoyinta za su tarwatsa hasken, wani ya faɗo kan idon. Kamar yadda kake ganin ƙura tana rawa a hasken da ya ratso ta taga da safe, haka abin yake.

Kayan ana samunsu wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Alaba ko Computer Village da ke Ikeja: farin ƙwan LED mai haske sosai, idon haske da suke kira LDR, rizista mai ohm 220 (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, ohm kuwa shi ne ma'auninsa), mitar da masu gyara ke gwada wuta da ita, da tsohuwar cajar waya mai bolt 5. Ka haɗa da siririyar kwalbar gilashi mai murfi wadda ba ta da ƙarzuwa, da guntun fayif ɗin famfo da kwalbar za ta shige cif ba ta rawa.

Shafa wa cikin fayif ɗin baƙin fenti marar sheƙi. Huda shi wuri biyu a tsayi ɗaya, daidai tsakiyar kwalbar, ramin biyu yana rubu'in zagaye daga na farko, wato idan na farko yana gabas, na biyu ya kasance kudu ko arewa. Cusa LED a na farko, LDR a na biyu, ka tura LDR ɗin ɗan ciki cikin guntun baƙin bututun biro don kada ya hango fitilar kai tsaye. Haɗa doguwar ƙafar LED da rizista zuwa jar wayar caja, gajeriyar ƙafar zuwa baƙar waya. Ƙafafun LDR biyu kuma su tafi ga mita, ka murɗa ta zuwa wajen auna ohm, a babban mataki, domin a duhu lambar tana iya haura dubu ɗari. Naɗe ko'ina da baƙin salatif, ka yi wa sama murfi, akwatin haskenka ke nan. Hasken waje ko ƙanƙani ne ya shiga, ya ɓata maka aiki.

Wani abu da ke ba mutane ciwon kai: fawa bank da yawa suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, LED ɗaya kuwa ba ya jan komai. Batir kuma yana sanyi a hankali, fitila ta dushe, lambobinka su karkace ba ka sani ba. Caja ta fi, idan akwai wuta.

Mai Arduino, wato ɗan allon kwamfuta da ake jona wa na'urori, yana iya jona LDR da babbar rizista zuwa ƙafar A0, ya riƙa samun lamba tsakanin 0 da 1023. Akwai kuma idon dagulewa haɗaɗɗe da ake sayarwa, irin na cikin injin wanki. Ni ban cika ba da shawararsa don ruwan sha ba, saboda yana auna hasken da ya ratsa kai tsaye ne, sai ruwa ya dagule sosai yake motsawa.

Koya wa na'urar karatu

Mita ohm take ba ka, ba NTU ba, kuma a nan ne yawancin masu haɗa irin wannan suke gajiya su tsaya. A ɗakin gwaji da wani sinadari mai suna fomazin ake daidaita na'ura, amma abin da ake haɗa shi da shi guba ne, kada ka gwada a gida. Kai laka za ka yi amfani da ita.

Dama laka mai laushi a bokitin ruwa, ka bar ta minti goma yashi ya kwanta, ka tsiyaye na sama. Riƙa sirka shi da ruwa mai tsabta har bututun ganinka ya nuna santimita 12. Cika kwalba da shi, goge jikinta da kyalle mai laushi, saka a akwati, rufe, jira minti ɗaya, rubuta abin da mita ta nuna a gefen NTU 100. Ƙara sirkawa har bututu ya nuna 18, ka sake rubutawa, haka a 25, 54 da 85. Na ƙarshe, gwada tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, ruwan zalla ba asid ba, shi ne sifirinka. Za ka ga duk lokacin da laka ta ƙaru, lambar ohm tana sauka. Manna takardar a jikin akwatin.

Yi wa kwalbar alama da fenti ta riƙa fuskantar gefe ɗaya kullum, ka kama ta ta murfi, domin shatin yatsa ma yana tarwatsa haske. Idan ka ga kumfa ta maƙale a jikin gilashi, ɗan ƙwanƙwasa ta tashi. Kuma ka auna ruwa da zarar an ɗebo. Burtsatse da yawa a Legas ruwansu na da sinadarin ƙarfe, ya fito fari tas, bayan wasu awanni ya yi jaja-jaja, awon safe da na yamma su saɓa.

Abin da lambar ke faɗa maka

Akwatin nan ba zai bambance maka NTU 1 da 3 ba. Ƙarfinsa yana wajen nuna canji. Auna ruwan burtsatsen gidanku ko na masallaci sau ɗaya a mako, da kuma washegarin kowane ruwan sama mai ƙarfi. Idan lambar tana tsalle bayan ruwa, to ruwan sama ko na kwata yana samun hanyar shiga, ruwa ba ya tsami banza. A duba bakin rijiyar, fasassun fayif, da nisanta daga ramin masai. Mai sayen ruwa a hannun ɗan garuwa kuma kada ya yi saurin ɗora masa laifi. Bawan Allah abin da tankin mai burtsatse ya ba shi ya turo. A auna a bakin tankin, a auna daga jarka, a san inda dattin ya shiga.

Idan ruwa ya wuce NTU 5, a sa alif ko garin 'ya'yan zogale, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye, a sake aunawa, sannan a zuba kulorin a jira minti 30. Ruwan da ya fito garai-garai ma sai an dafa ko an sa masa magani, domin akwatin ba ya ganin ƙwayar kwalara ko ta taifot, ba ya kuma jin gishirin da ke kutsawa rijiyoyin unguwannin bakin teku. Waɗannan sai an kai ruwan ɗakin gwaji, kuma ranar da za ka kai, ka auna ruwa ɗaya da akwatinka, ka gyara takardarka da lambar da suka ba ka.