Kurakuran Masu Zuwa Kallon Zanen Duwatsu

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane rukunin ɗalibai da nake rakawa kallon zanen mutanen dā a jikin dutse, shi ya sa na rubuta ta.

Babbar ɓarna ita ce zuba ruwa. Mutum zai tsaya gaban zanen saniya da ya dushe, ya yayyafa masa ruwan leda don launi ya fito a hoto. Zai fito kam, na ɗan lokaci. Amma ruwan yana janyo gishirin da ke cikin dutse, idan ya bushe sai ya bar farin ɓawo, jar ƙasar da aka yi zanen da ita ta fara ɓarewa. Ko Henri Lhote, Bafaranshen da ya jagoranci kwafar zanen Tassili a Aljeriya a 1956, har yau masana na sukar tawagarsa saboda goge bangon duwatsu da jiƙaƙƙen soso. Wani yaro cikin ɗalibaina ya taɓa yayyafa wa zane ruwa ina waige ɗaya. Mai gadi ya kore mu gaba ɗaya, kuɗin mota ya tafi a banza, kuma da na koma tabon na nan. Haba! Abin da ya jure dubban damuna a ƙarƙashin inuwar dutse, kai za ka lalata don hoton Facebook? Yanzu a mota nake karɓe ruwan kowa. Mai son hoto ya zo da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da haske ke bugun dutse a karkace.

Na biyu: da an ga mutum da kwari da baka kusa da dabba sai a rubuta "farauta". Makiyayi ma yana riƙe baka saboda zaki da ɓarayi. Ku dubi dabbar tukuna. A Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, mafi yawan zanen shanun gida ne, marasa tozo, ba irin fararen shanun Fulani na yau ba. Ni hantsa nake fara nema, sai siffar ƙaho, sai ko akwai abu rataye a wuya. Haka ma siffofin raƙuman dawa biyu da ke jikin dutse a Dabous, arewa da Agadez, babban ya haura mita 5, kowanne da wani layi daga bakinsa zuwa wani ɗan mutum, amma masana ba su yanke cewa tarko ne ba. Kuma sassaƙa su aka yi, ba fenti ba ne.

Kada ku bi zane da alli. Kada ku shafa da hannu, gumi na da maiƙo. Idan kun ga raƙumi a zanen Sahara, wannan na baya-bayan nan ne, shanu da dawakai sun riga shi. Wanda kuma na kama yana rubuta sunansa da gawayi, ba zai sake bina ba.