Shawara ga ɗaliban da ke son fahimtar tsarin birni da sufuri

Assalamu alaikum 'yan'uwa ɗalibai. Duk mai son fahimtar yadda ake tsara birni, shawarata ita ce ya fara da titi guda a nan Damagaram kafin ya shiga karanta labarin manyan biranen duniya. Ku tsaya a bakin kasuwar Dole da safe na minti 15, ku ƙirga kabu-kabu, motoci, kekuna, amalanken jaki da masu tafiya a ƙasa, sannan ku koma wurin da azahar ku sake ƙirgawa, ku rubuta abin da ya canza.

Daga nan ku zagaya lungunan Birni kusa da fadar Sarki, inda katangun ƙasa ke ba mai tafiya inuwa saboda ƙuncin hanya, ku kwatanta su da faffaɗar kwalta wadda ba ta da ko bishiyar dogon yaro ɗaya. A ganina, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, inuwa tana cikin kayan sufuri, domin rashinta ne ke sa mutum hawa babur zuwa wurin da ƙafa za ta kai shi.

Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa.