Yadda na haɗa Ledger da MetaMask

Na jona Ledger, na'urar ajiye makullan kuɗin kirifto, a kwamfuta, ta kunnu, amma MetaMask, walat ɗin kirifto na cikin burauza, bai gan ta ba. Ashe matsalar wayar USB ɗin ce: irin ta caji kawai, ba ta ɗaukar bayanai. Na shiga Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, na sayo mai ɗaukar data.

Saura kuma? Na rufe manhajar Ledger ta kwamfuta, don ita da MetaMask ba sa riƙe na'urar lokaci guda. Na sa PIN, na buɗe manhajar Ethereum a kan na'urar, sannan na koma Chrome, tunda Firefox ba ya da WebHID, hanyar da burauza ke magana da na'urar. Nan take adireshoshin walat ɗina suka fito.

Kalmomin sirri 24 na dawo da walat ɗin Ledger kuwa, ko kusa ban rubuta su a burauza ba, haɗin ba ya buƙatarsu.