Yadda ake sauya fitilar mota daga dim zuwa ful

Da farko ka murɗa kan sandar da ke gefen sitiyari har fitilun gaba su kama. Wannan shi ne dim, hasken da ke kwanciya a kan kwalta. A cikin unguwannin Kumasi kamar Aboabo ko Asawase ya ishe ka.

In ka bar Kumasi da dare, ka wuce Konongo hanya ta yi duhu, sai ka tura sandar gaba. 'Yar alama shuɗiya za ta kama a dashbod, ful ke nan. Kwan fitila irin wanda ake kira H4 siraran wayoyi biyu gare shi a ciki. Ta dim mai wat 55 ce, da ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashinta mai hana haske tashi sama. Ta ful 60 ce, ba murfi, shi ya sa take kai nesa. Sandar tana ɗauke wuta ne daga ɗaya ta ba ɗayar.

Da ka hango mota tafe, maido da sandar, kar ka kashe wa bawan Allah ido. Haka ma in kana bin bayan trotro, wato ƙaramar bas ta haya.

In ful na kamawa dim ya ƙi, galibi wayarsa ta cikin kwan ce ta ƙone. Ka sayo sabon kwai a Suame Magazine, inda ake sayar da kayan mota a Kumasi, kuma kar yatsanka ya taɓa gilashinsa.