Sayi malam-buɗe-littafi a naɗe, ka buɗe da kanka

Jama'a, in za ku yi odar busasshen malam-buɗe-littafi don ajiyewa, ku nemi wanda ke naɗe cikin 'yar takarda, ba wanda aka riga aka shimfiɗa ba. Ya fi araha, kuma fukafukai ba sa karyewa a hanya.

Da ya iso, kada ka yi garaje, a bushe yake ƙayau. Samo roba mai murfi, zuba jiƙaƙƙen yashi, ɗiga Dettol kaɗan saboda fumfuna. Ɗora malam-buɗe-littafin kan takarda a cikin robar, kada ya taɓa ruwa, ka rufe. Kwana 2 danshi ya sassauta gaɓoɓinsa, sai ka shimfiɗa fukafukan.

Amma fa banda koren faɗa-wuta (ɗan'uwansa mai yawo da dare), danshi kan kashe masa launi. Ni na mance da nawa a cikin robar mako guda, na tarar fumfuna ta cinye kan.